SU WANE NE A BANGON ƊAKINMU?

Bayan an yanke dawa, hunturu ya sauko, kuɗin amfanin gona ya shigo hannu, lokacin bukukuwan aure ke nan a ƙauyukanmu na kudancin Kano. Daga gefen ruwan Tiga a ƙasar Bebeji zuwa Kwanar Ɗangora, ka bi hanyar Tudun Wada, ka ratsa dajin Falgore har ka hangi duwatsun Riruwai a Doguwa, da wuya ka leƙa ɗakin amarya Kirista ba ka ga hoto a bango ba. Wani kalanda ne na sabuwar shekara, wani kuwa an sa shi cikin gilashi an rataye bisa jeren kwanuka. Da akwai mai riƙe da ɗan rago, da mace mai shuɗin mayafi, da tsoho mai gemu riƙe da mabuɗi. Muna kwana da su muna tashi da su, amma kaɗan ne cikinmu suke tsayawa su tambayi ko su wane ne.

Wata shekara, ana sauran 'yan kwanaki Kirsimati, na sauka a wani ƙauye a ƙasar Kiru, na tarar da gida ya yamutse. An kawo amarya daga gidan 'yan Katolika. Gidan ango kuwa 'yan wata ikkilisiya ce wadda ba ta rataye kome a majami'a sai gicciye da allon lambobin waƙa. Uwar miji ta shiga ganin jere, sai ta yi kiciɓis da hotuna biyu: ɗaya na Maryamu, ɗaya na wata baƙar mace mai lulluɓi. Nan take ta juyo ta ce, "'Yar nan, da hannuna na ƙone kayan bori ranar da na karɓi Yesu. Yanzu kuma ki shigo mini da wani tsafin cikin gida?" Amarya ba ta ce uffan ba, sai hawaye. Ango ya rasa inda zai sa kansa, gama ga uwa ga mata.

Da aka kira ni, na tambayi yarinyar ko wace ce wannan baƙar mace. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, waliyiya ce. Innata ta ba ni, ta ce tana tsare ɗaki." Ko sunanta ba ta sani ba. Sa'an nan na waiwayi tsohuwar na ce, "Mama, ɗazu da na shiga gaishe ki na ga kalanda a ɗakinki, da wani Bature mai dogon gashi. Shi kuma wane ne?" Ta ce, "Haba Malam, ai wannan Yesu ne." Na ce, "Wa ya ɗauke shi hoto?" Ta yi shiru. Ashe su biyun duka suna zaune da hotunan da ba su san asalinsu ba.

Tsoron tsohuwa ba na banza ba ne

Kada mai karatu ya yi saurin yi wa tsohuwar nan dariya. Yawancin Kiristan wannan yanki daga gidajen Maguzawa suka fito, da yawa kuwa a shekarun 1970 zuwa gaba suka tuba. Kakanninmu ba su cika sassaƙa gumaka masu kamar mutum ba, yadda ake yi a ƙasar Yarabawa. Amma sun gaskata cewa iska tana iya zama cikin abu: gindin tsamiya, ko kuka, ko dutse, ko wani wuri a tsakar gida inda ake zuba jinin jan zakara. Wanda ya girma cikin wannan tsoro, Ubangiji ya fisshe shi, in ya ji an ce hoto "yana tsare ɗaki", ya san muryar da yake ji. Tsohuwar murya ce, ta sake riga kawai.

Littafi Mai Tsarki ma yana goyon bayanta a nan. Cikin Fitowa sura 20 Allah ya hana a yi siffar wani abu domin a rusuna masa ko a bauta masa. Sa'ad da Karniliyas ya fāɗi a gaban Bitrus, Bitrus ya tashe shi ya tuna masa shi ma mutum ne. A Listira kuwa, da mutane suka kawo bijimai za su yi wa Bulus da Barnaba hadaya, manzannin suka kyakketa rigunansu saboda baƙin ciki. To, in masu rai ba su yarda a rusuna musu ba, yaya za su yarda a rusuna wa takardar da aka zana su a kai?

Amma fa Littafin nan guda shi ne ya gaya mana, cikin Fitowa sura 25, Allah ya umarci Musa ya ƙera kerubobi biyu na zinariya bisa akwatin alkawari. Ya kuma sa shi ya yi macijin tagulla a jeji. Ku lura da abin da ya sami macijin nan. Shekaru ɗaruruwa yana nan, abin tunawa da jinƙan Allah. Da mutane suka fara ƙona masa turare, sai sarki Hezekiya ya farfashe shi, kamar yadda yake cikin Sarakuna na Biyu sura 18. Tagullar ba ta sāke ba. Abin da mutane suke nema a wurinta ne ya sāke.

Gardamar ta tsufa

Abin da ya faru tsakanin suruka da amarya a Kiru, ikkilisiya ta yi shekara fiye da dubu tana fama da shi. Wajen shekara ta 600 wani bishop mai suna Serenus a birnin Marsel na ƙasar Faransa ya ga mutanensa suna rusuna wa hotuna, sai ya farfasa su. Paparoma Giregori ya rubuta masa, ya yabe shi da ya hana sujadar, amma ya tsauta masa da ya lalata hotunan, gama a ganinsa hoto shi ne littafin wanda bai iya karatu ba. A 726 sarkin Rum ta Gabas ya tasar wa hotuna, aka shiga kankare su daga bangayen majami'u. Wani malami, Yohanna mutumin Dimashƙu, wanda yake zaune a ƙarƙashin mulkin Musulmi, ya kāre su da cewa tun da Ɗan Allah ya ɗauki jiki har idanu suka gan shi, ana iya zana shi. Taron bishop-bishop na Nikiya a 787 ya yanke cewa a girmama hoto, amma sujada ta Allah ce kaɗai. Duk da haka rigimar ba ta kwanta ba sai 843.

Ta sāke tashi a zamanin gyaran ikkilisiya. A 1524 mutanen Zurik, ƙarƙashin koyarwar Zwingli, suka kwashe hotuna daga majami'unsu suka shafe bango da farar ƙasa. Martin Luther kuwa bai yarda da fasa hotuna ba. A 1522 ya koma Witimbag ya kwaɓi masu yin haka. Saboda haka da Turawan mishan suka zo ƙasarmu, kowa da gādon da ya ɗauko. 'Yan SIM, waɗanda aikinsu ya fara a 1893 har ya haifi ECWA a 1954, daga masu farin bango suka fito, ko da yake su ma da hotuna suka koya wa yara labarin Yusufu da na Daniyel a Makarantar Lahadi. Fadan Katolika kuwa, yawancinsu mutanen Ailan, suka zo da hotunan waliyyai. Shi ya sa har yau za ka ga hoton wani bishop mai koriyar riga da doguwar sanda, macizai suna gudu a ƙarƙashin ƙafarsa. Waliyi Patrick ke nan na Ailan, wanda aka ba shi riƙon Nijeriya a 1961.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai bambanci na gaske a tsakani wanda wannan takarda ba za ta kashe ba. Ɗan Katolika yakan roƙi waliyi ya yi addu'a dominsa, yadda mutum yake roƙon ɗan'uwa mai rai. Ɗan ECWA ko Baftis zai buɗe Timoti na Fari sura 2 ya ce matsakanci ɗaya ne, ba ya bukatar wani. Amma babu ɗaya cikin ikkilisiyoyin nan da take koyar da cewa takarda da fenti suna korar maye ko ɓarawo. Wannan ba koyarwar Fada ba ce, ba ta Fasto ba ce kuma.

Hoto ma karanta shi ake yi

Abu na farko da ya kamata kowane gida ya sani shi ne, babu wanda ya zana Yesu ko Maryamu ko manzanni sa'ad da suke duniya. Linjila ba ta faɗi tsawonsu ko launin fatarsu ba. Tsofaffin hotunan fuskokin Bitrus da Bulus da Andarawas da Yohanna da aka gano a wata makabarta ta ƙarƙashin ƙasa a Roma, na ƙarshen ƙarni na 4 ne, watau shekara ɗari uku bayan mutuwarsu. Agustin, babban malamin ikkilisiya, ya rubuta a fili cewa ba mu san kamannin fuskar Maryamu ba. Baturen da yake ɗakin tsohuwar nan kuwa, irin fuskar da wani mai zane a Amurka, Warner Sallman, ya yi a 1940 ce. An buga ta fiye da sau miliyan 500, har mutane suka ɗauka da kyamara aka ɗauke ta.

To, in masu zane ba su san fuskokin ba, yaya ake gane wane ne wane? Da alama ake ganewa. Tsofaffinmu sukan dubi tsagar fuskar baƙo a kasuwa su ce wannan Bagobiri ne, wancan Babarbare ne, tun bai buɗe baki ba. In ka ga rawani mai kunne biyu ka san jinin sarauta ne. Haka masu zanen Kirista suka yi: suka ba kowane tsarkaka abin da zai riƙe, abin nan kuwa guntun labarinsa ne.

Tsoho mai gajeren farin gemu riƙe da mabuɗai, Bitrus ne, saboda maganar da Ubangiji ya yi masa cikin Matiyu sura 16. Mai sanƙo da dogon gemu, littafi a hannu ɗaya takobi a ɗaya, Bulus ne: littafin wasiƙunsa ne, takobin kuwa abin da aka sare kansa da shi a Roma. Saurayi mai duwatsu a hannu ko a kafaɗa, Istifanas ne wanda aka jajjefe. Mai rigar gashin raƙumi yana nuna ɗan rago da yatsa, Yahaya Mai Baftisma ne; ku lura, kullum yatsansa ba ya nuna kansa. Mai gicciye karkatacce kamar alamar sau a lissafi, Andarawas ne. Mai riƙe da wuƙa, Bartalamawas ne, gama bisa ga labarin da ikkilisiya ta gāda feɗe shi aka yi da rai. Sunansa ne majami'ar ƙasa ta Wusasa kusa da Zariya, wadda aka gina a 1929, take ɗauke da shi. Marubutan Linjila huɗu kuwa da halittu ake nuna su: Matiyu da mutum mai fikafikai, Markus da zaki, Luka da sa, Yohanna da gaggafa.

Zoben hasken da ake kewaye kai da shi ba ya nufin mutumin allah ne. Yana nufin hasken Allah ya sauka a kansa. Reshen dabino a hannu yana nufin an kashe shi saboda sunan Yesu, an ɗauko shi daga Wahayin Yahaya sura 7. Shuɗin mayafin Maryamu kuwa yana da dalilin kasuwa. A zamanin dā shuɗin fenti mafi kyau daga wani dutse ake niƙa shi, wanda ake haƙowa a duwatsun Afganistan, tsadarsa tana gogayya da ta zinariya. Sai masu zane suka riƙa ajiye shi domin uwar Ubangiji. Mu da muka san darajar baƙin rini na Kura da na Ƙofar Mata ba za mu yi mamakin wannan ba.

Ku duba abin da yawancinsu suke riƙe da shi: takobi, dutse, wuƙa, gicciye. Kayan da aka kashe su da su ne. Wanda ya ce hoton Istifanas zai tsare shi daga wahala bai dubi hannun Istifanas ba. Hoton cewa yake yi, ga mutum irinka wanda wahala ta same shi har ƙarshe, bai kuwa saki Ubangijinsa ba. A yankin da wani lokaci Kirista yakan sha wuya kafin ya sami filin gina majami'a, ko a matsa wa 'yarsa ta bar bangaskiya saboda aure, wannan wa'azi ne mai amfani fiye da kowace laya.

Duka Turawa ne?

Yara sukan yi wannan tambaya, maƙwabta ma sukan yi ta da ba'a, su ce addinin Bature muka ara. Amsa ita ce mai zane yakan ba mutum fuskar mutanen garinsu. Mutumin Italiya ya zana Maryamu kamar 'yar Italiya. A Habasha kuwa, a majami'ar Debre Berhan Selassie ta birnin Gondar, rufin ɗakin cike yake da fuskokin mala'iku masu launin Habashawa da manyan idanu. Hotunan da suka iso mana ta jirgin ruwa daga Turai suka zo, shi ke nan dalilin.

A arewacin Sudan akwai wani tsohon gari mai suna Faras, wanda ya kasance mazaunin bishop tun Musulunci bai iso Kano ba. Da za a gina babbar madatsar Aswan, aka ga ruwa zai cinye shi (mutanen Tiga sun san yadda wannan yake), sai masana daga ƙasar Polan suka tona yashi daga 1961 zuwa 1964. Suka tarar da majami'a a binne, bangonta cike da zane. Sun ɓamɓaro fiye da hotuna 120, aka raba su tsakanin Khartum da Warso. Cikinsu akwai na Bishop Petros, wanda ya yi mulki a ƙarshen ƙarni na 10: baƙin mutum cikin kayan bishop, manzo Bitrus yana tsaye a bayansa ya dafa kafaɗunsa. Shekara dubu ke nan da wani ɗan Afirka ya zana wannan.

Turawan dā ma sun san ba su kaɗai ba ne. A babbar majami'ar Magadebag ta Jamus akwai siffar Waliyi Moris, sojan Masar da aka kashe domin ya ƙi tsananta wa Kirista. An sassaƙa shi wajen 1240 da fuskar baƙin mutum sosai, cikin sulke. Agustin da muka ambata, wanda ake zanawa riƙe da zuciya mai cin wuta, an haife shi a 354 a ƙasar da ake kira Aljeriya yau, ƙasar Barbarawa dangin Buzaye, ya mutu a can a 430. Bishop na farko na Katolika a Kano, Patrick Sheehan, da wanda ya gāje shi a 2008, John Namaza Niyiring, duka 'yan ƙungiyar da take ɗauke da sunan wannan ɗan Afirka ne.

Akwai wanda na fi so a nuna wa yara: baƙin mutum cikin farar riga da baƙar alkyabba, riƙe da tsintsiya, kare da kyanwa da ɓera suna ci a kwano ɗaya a gabansa. Martin de Porres ne, ɗan wata 'yantacciyar baiwa, wanda aka haifa a Lima ta ƙasar Peru a 1579. Wanzanci ya koya, da shi ya yi ta jinyar matalauta, shara kuma ita ce aikinsa a gidan sufaye. An sa shi cikin waliyyai a 1962. Sai kuma samarin nan da ake zanawa a tsaye cikin harshen wuta da rassan dabino: shahidan Uganda ne, Charles Lwanga da 'yan'uwansa, barorin fadar sarki Mwanga, waɗanda aka ƙone a Namugongo ran 3 ga Yuni 1886. An kashe 'yan Katolika 22 da 'yan Angilikan 23 a wannan tsanani, wuta ba ta tambayi ɗarikar kowa ba. Ƙaraminsu, Kizito, bai wuce shekara 14 ba.

Daga ƙasarmu akwai Fada Cyprian Michael Tansi, mutumin Aguleri, wanda aka haifa a 1903 ya mutu a Ingila a 1964. Paparoma John Paul na Biyu ya ayyana shi Mai Albarka ran 22 ga Maris 1998 kusa da Onitsha. Shi kam an ɗauke shi da kyamara, har tabaransa ana zanawa. A zamaninmu kuma, bayan an yanka Kirista 21 a bakin teku a Libiya a 2015, masu zanen Kibɗawa suka zana su cikin rigunan nan masu ruwan lemo, kowa da zoben haske. Ashirin Misirawa ne. Ɗaya baƙi ne a tsakiyarsu, Matthew Ayariga, ɗan ci-rani daga Gana.

Masu zane na kusa da mu

An yi ƙoƙari a Nijeriya a sa labarin Linjila cikin tufafinmu. A 1947 Fada Kevin Carroll da abokan aikinsa suka buɗe wurin sana'a a Oye-Ekiti, inda masassaƙan Yarabawa irin su George Bandele da Lamidi Fakeye suka sassaƙa Maryamu da ɗaurin zane da goyo. An rufe wurin a 1954, cikin masu ƙin aikin kuwa har da Kiristan ƙasa, waɗanda suka ce abin ya yi kama da gumakan da suka bari. Tsoron tsohuwar Kiru ke nan, a wata ƙasa. A 1967 Bruce Onobrakpeya, wanda ya yi karatun zane a Zariya, ya zana hanyar gicciye a majami'ar Waliyi Bulus ta Ebute Metta a Legas, da mata cikin zane da ɗankwali, sojojin kuwa cikin kayan sarki na zamanin mulkin Turawa.

Waɗanda suka fi kama da gidajenmu su ne hotunan Mafa na arewacin Kamaru, da aka fara a 1973. Mutanen ƙauye da kansu suka riƙa yin wasan kwaikwayon labaran Linjila, ana ɗaukarsu hoto, sa'an nan aka mai da su zane fiye da 60. A ciki za ka ga manzanni zaune a tabarma, ƙwarya a tsakiya, ga rumbu ga bukka mai jinka, ga duwatsu a baya kamar na Riruwai. Na taɓa nuna wa yaran Makarantar Lahadi na haihuwar Yesu, wani yaro ya ce, "Malam, ashe a garinmu aka haife shi?" Na ce a'a, a Baitalami ne, Bayahude ne kuma, amma dominmu ya zo. Wannan ma dole a faɗa, don kada mu gyara kuskure da wani kuskuren. Abin da nake jira ban gani ba tukuna shi ne ɗan Bebeji ko ɗan Doguwa ya ɗauki fenti ya zana Bitrus da koma a bakin Tiga. Muna da samari masu zana zaki da gaggafa a bayan manyan motoci. Hannun yana nan.

Baƙar macen da take bango

Bari mu koma ɗakin amarya. Na gane hoton tun da na shiga, gama ita ma an ɗauke ta da kyamara a rayuwarta. Sunanta Josephine Bakhita. Da yamma, bayan tuwo, na zauna da su a tsakar gida na ba su labarinta.

An haife ta wajen 1869 a Darfur, ƙasar da alhazan dā na ƙasar Hausa suke ratsawa da ƙafa. Tana 'yar yarinya, ba ta kai shekara goma ba, mahara suka sace ta. Don tsananin firgita har ta manta sunan da iyayenta suka sa mata. Bakhita, watau mai sa'a, masu sayar da ita ne suka laƙaba mata. An sayar da ita hannu zuwa hannu. A gidan wani hafsan Turkawa aka tsaga jikinta da aska wuri 114, ana cusa gishiri don tabon ya tashi. A 1883 jakadan Italiya a Khartum ya saye ta, bayan shekara biyu ta bi shi zuwa ƙasarsu. A can, tana renon 'yar wani gida, ta zauna wurin sistoci a Benis, ta ji Bishara. Da uwargijiyarta ta zo ɗaukarta ta ce ba za ta ba, kotu kuwa ta tabbatar a 1889 cewa ita 'ya ce. An yi mata baftisma ran 9 ga Janairu 1890, ta zama sista a 1896. Sauran rayuwarta dafa abinci ta yi da tsaron ƙofa a garin Schio, ta mutu ran 8 ga Fabrairu 1947. An sa ta cikin waliyyai a shekara ta 2000. Abin da aka fi tunawa da ita shi ne ta gafarta wa waɗanda suka sace ta da waɗanda suka tsaga ta. Tabon kuwa ba ya fitowa a hoto, yana ƙarƙashin riga.

Tsohuwar ta daɗe ba ta yi magana ba. Can sai ta ce kakarta ta sha ba su labarin harin Ningawa, yadda ake kwashe yara daga gona a kudancin Kano, da wata ƙanwar kakar da aka tafi da ita ba a sāke jin ɗuriyarta ba. Ta ce a kawo mata hoton. Ta matso da shi kusa da fitila ta duba, ta ce, "Ashe baiwar Allah ce ta sha wuya."

Ban ce sun daidaita a kan kome ba. Tsohuwar ta tsaya a kan cewa a gidanta ba za a roƙi kowa ba sai da sunan Yesu, ba za a kunna wa hoto kyandir ba, ba kuma za a ƙara cewa yana tsare ɗaki ba. Amarya ta yarda da na ƙarshen nan da zuciya ɗaya. Sauran kuwa ta ce za ta yi shawara da katikis na garinsu. Na roƙi angon abu guda: ya sami biro ya rubuta a bayan kowane hoto sunan mai shi, da ƙasarsa, da shekarar da ya mutu, da inda labarinsa yake in yana cikin Littafi Mai Tsarki, domin duk yaron da aka haifa a ɗakin ya iya ba da amsa in an ce masa gunki suke bauta wa. Na ce ya fara da kalandar ɗakin uwarsa.

Da na sāke bi ta ƙauyen bayan damina biyu, hoton Bakhita yana nan a inda yake, hayaƙi ya ɗan dusashe gilashin. Amarya tana goye da 'ya mace. Tsohuwar ce ta karɓi jaririyar ta miƙo mini, ta ce sunanta Josfin, amma ita Bakita take kiranta.